Farautar ɓoyayyun linki a fayil ɗin bashin takinmu

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Fayil ɗin Excel da muke rubuta bashin taki na ƙungiyar manomanmu a nan yankin Auyo, duk sanda ka buɗe shi sai ya tare ka da gargaɗi, wai akwai linki zuwa wasu fayiloli na waje, ka zaɓi Update ko Don't Update. Tun kafin na karɓi aikin sakatare haka yake, kowa na biyun yake dannawa ya wuce abinsa. To yanzu abin ya zo wuya, dan ofishin da muka nemi tallafin iri da taki na noman rani sun dawo mana da shi, sunce a kwamfutarsu wani layi tun daga sama har ƙasa #VALUE! yake nunawa, kuma su ba sa karɓar fayil mai neman wani fayil ɗin da babu shi a hannunsu. Gaskiyarsu ne. Sun ba mu zuwa ƙarshen wata.

Ga wanda bai saba ba, wannan ba irin linkin intanet bane da ake dannawa ya kai ka wani shafi. Fomula ce a cikin gurbi da take ɗauko lamba daga wani fayil daban, in wancan fayil ɗin yana nan sai ta sabunta, in baya nan sai ta riƙe lambar da ta gani a karon ƙarshe tayi shiru.

Abu na farko yau, kwafi. Na ajiye asalin fayil ɗin a filas da kuma waya, na buɗe wani sabo da zan dinga aiki a kai. Sannan na shiga Data na danna Edit Links. Nawa Excel 2016 ne, masu Microsoft 365 na yanzu Workbook Links za su gani a gurin. Fayiloli huɗu ya lissafo min: farashi_2022.xlsx, mambobi.xlsx, rani_2021.xls, sai wani rasit.xlsm da ban taɓa jin labarinsa ba. Ga maɓallin Break Link nan a gefe yana kallona, dannawa ɗaya a gama. Ban taɓa shi ba, sai na san me kowanne yake ɗauke da shi tukunna.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ctrl+F, na buɗe Options, Within na mayar da shi Workbook, Look in na bar shi a Formulas, na rubuta .xl a gurin nema sannan Find All. Wasu alamar [ suke nema tunda sunan fayil na waje kullum a tsakanin irin wannan bakan yake zuwa, amma in akwai tebur a fayil ɗinka fomulolin tebur ma da ita suke amfani sai ta kwaso maka tarkace, shi yasa na fi son .xl, yana kama xls da xlsx da xlsm duk a tare.

Abin da ya fito ya tayar min da hankali. A shafin Bashi, layin jimillar kuɗi, fomular mutanen da suka daɗe a ƙungiya haka take:

=D7*'E:\[farashi_2022.xlsx]Farashi'!$B$3

D7 yawan buhun da mutum ya karɓa kenan, E kuma filas ce da aka taɓa sakawa a wata kwamfuta. Wato ana ninka buhunan damunar bana da farashin yuriya na 2022. Su kuma waɗanda suka shigo daga baya, layukansu na ƙasa, da hannu aka rubuta musu farashin da aka saya a lokacin. Duk wanda ya sayi taki ya san me ya faru tsakanin 2022 da yanzu, musamman bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira, kuɗin buhu da kuɗin motar da za ta kawo shi duk sun tashi. Kenan mutum biyu sun karɓi buhu biyar-biyar rana ɗaya a rumbu ɗaya amma fayil yana bin ɗaya fiye da ɗayan.

Da an danna Break Link jiya da shikenan an binne maganar. Abin da yake yi shine ya goge fomular gaba ɗayanta ya bar lambar da take nunawa, ba ɓangaren waje kaɗai yake cirewa ba, har D7 ɗin ma tafiya yake. Gobe ka gyara buhun mutum daga biyar zuwa shida jimilla ba za ta motsa ba, kuma babu wata alama da za ta nuna maka daga ina lambar ta fito. Ctrl+Z ma baya dawo da shi, Excel da kansa yana faɗa kafin ka amince.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ba wani aiki. Ana yankan shinkafa, kuma batirin solar makaranta inda nake cajin laftof ya ƙi ɗauka saboda hazo. A takarda kawai na jera sunayen waɗanda layinsu yake da tsohon farashi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai wa Baba Ma'aji laftof ɗin har zaure bayan la'asar, dan wannan ba maganar da zan gyara ni kaɗai bace. Shi littafinsa na takarda yake riƙewa, mai baƙin bango, kuma tun bara yake cewa lissafin kwamfuta da nasa ba sa haɗuwa ana ce masa tsufa ne. Na danna gurbin na nuna masa 2022 ɗin a saman allo, ya matso da gilashinsa ya daɗe yana kallo.

Yace, "Sakatare, kana nufin na'urar ce take karanta wata takarda da babu ita a ɗakin nan?"

Nace, "Eh Baba, ta karanta ta sau ɗaya tun shekara biyu da suka wuce, shine ta haddace."

Yace, "To ai ni dama na faɗa. Kar ka goge komai sai shugaba ya gani da idonsa."

Na ɗauki hoton allon da waya, kuma asalin fayil ɗin yana nan ban taɓa ba, shine shaida.

Gyaran kansa bai da wuya. Na buɗe sabon shafi a cikin fayil ɗin namu na sa masa suna Farashi, na jera NPK da yuriya da maganin feshi a gurabe iri ɗaya da na tsohon, Baba ya karanto min farashin da aka saya bana daga rasit. Sai Ctrl+H, a sama na saka duk wancan dogon adireshin tun daga alamar ' har zuwa alamar !, a ƙasa na rubuta Farashi! kawai, Replace All. Fomulolin suka koma =D7*Farashi!$B$3, suna nan da ransu amma yanzu a cikin gida suke ɗauko lamba. Akwai wata hanyar ma, a Edit Links ka danna Change Source ka nuna masa fayil ɗin da kake ciki, in sunan shafin ya zo ɗaya sai ya juyo da su da kansa. Ni dai na fi son na ga abin da nake canzawa. Su ma na ƙasan da aka rubuta wa farashi da hannu na mayar da su kan fomula ɗaya da kowa.

Sai layin da ya jawo aka dawo mana da fayil, wato tsohon bashi. SUMIF ce take tattaro ragowar bashin kowa daga rani_2021.xls. VLOOKUP, fomular da take nemo abu a cikin tebur, tana iya haƙuri da fayil a rufe, amma SUMIF da COUNTIF, masu tarawa da ƙirgawa, sai wancan fayil ɗin yana buɗe suke aiki, da zarar an sake lissafi babu shi sai #VALUE!. A gurina lambobin suna nan dan ba abin da ya taɓa su, a can ofishin kuwa da Excel ɗinsu ya sake lissafi sai suka zube. Shi rani_2021 ɗin ya tafi da filas ɗin da ta lalace, babu mai shi. Nan kam daskarar da lambar shine daidai tunda bashin 2021 ba zai canza ba, amma sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya da littafin Baba, yana karantowa ina dubawa har aka kira magariba. Mutum uku sun biya tuntuni da shanshera kwamfuta bata sani ba. Muka gyara, sauran na kwafa na liƙa da Paste Special, Values.

Sunayen mambobi ma VLOOKUP ce take ɗauko su daga mambobi.xlsx da lambar katin mutum. Su ma na mayar da su rubutu tsaye.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ctrl+F yace babu sauran .xl ko ɗaya. Na ajiye, na rufe, na buɗe. Gargaɗin yana nan daram, kuma Edit Links har yanzu huɗun nan yake nunawa, ko ɗaya bai ragu ba.

Ashe Ctrl+F cikin gurabe kawai yake dubawa. Ctrl+F3 ya buɗe min Name Manager, inda sunayen da ake laƙaba wa gurabe suke zama, na ja layin Refers To ya faɗaɗa dan a ga adireshin sosai. Ga su nan, FarashinYuriya da FarashinNPK duk suna nuni zuwa filas ɗin E, da wasu da suka riga suka mutu suna nuna #REF!, akwai Filter a saman dama da zai ware maka masu kuskure kaɗai. Yadda suke shigowa shine in mutum ya ɗauko shafi daga wani fayil da Move or Copy, shafin baya zuwa shi kaɗai, yana taho da sunayen da yake amfani da su kuma suna ci gaba da kallon tsohon gidansu. Break Link ma baya goge suna, da hannu ake yi.

Kafin na goge kowanne sai na nemi sunan da Ctrl+F na ga ko wata fomula tana kiransa, dan in ka goge wanda ake amfani da shi #NAME? zaka gani. FarashinNPK ana kiransa a shafin Taƙaitawa, kuma fomular can ba ta da .xl a jikinta shi yasa ta tsallake binciken Talata, wato jimillar da ake karanta wa mutane a taro ma da tsohon farashi take. Shi ban goge shi ba, Edit na danna na juya shi zuwa sabon shafin Farashi. Print_Area na bar shi, na firintin ne ba ruwansa. Bayan na ajiye na buɗe, farashi_2022 ya fita daga jerin. Saura uku.

Na shiga Haɗeja da yamma sayen tawadar firinta, na ba mai shagon kwamfuta labari. Yace, "Malam kana wahalar da kanka, a Edit Links ɗin akwai Startup Prompt, ka zaɓi kar ya ƙara nuna gargaɗin, shikenan." Akwai ɗin kuwa, amma wannan rufe bakin gargaɗin ne kawai, linkin yana ciki, kuma mutanen ofis da sun buɗe Data za su gan shi. Nace Allah ya saka da alheri, na karɓi tawadata.

Laraba, 13 ga Nuwamba

mambobi.xlsx ya ƙi fita. Yanzu tunda na san babu wata fomula da ta dogara da shi sai na gwada Break Link a kan wani kwafin daban dan na ga me zai yi, bai yi komai ba. Shafin Rajista a kulle yake da kalmar sirri, kuma kulle yana hana shi aiki. Na kira tsohon sakatare, yanzu yana aiki a Dutse.

"Yaya, kalmar sirrin shafin Rajista nake nema."

Yayi dariya yace shi kansa sai ya tuna, ya ban guda biyu na gwada, ta biyun ta buɗe. Na tambaye shi maganar farashin, yace a lokacinsa duk shekara yana canza lambar a filas ɗin ne sai duk fayilolin ƙungiya su ɗauka lokaci ɗaya, da na rani da na damuna. Wlh dabara ce mai kyau, a hannunsa tana aiki, da ya tafi filas ɗin ta mutu sai dabarar ta tsaya a inda ya barta. Review, Unprotect Sheet, na buɗe.

Ko bayan buɗewar Break Link bai cire shi ba, ka danna ya amsa kamar ya yi, ka duba sunan yana nan. A layin ƙauye na Rajista akwai ɗan kibiyar nan da ake dannawa jerin zaɓi ya sauko, an daɗe ana cewa ta lalace kowa da hannu yake rubuta garinsu, shi yasa ƙauye ɗaya zaka gan shi da rubutu kala uku. F5, Special, na zaɓi Data validation, ya haskaka min duk guraben da suke da irin wannan ƙa'idar. Na tsaya kan ɗaya na buɗe Data Validation, a gurin Source ga adireshin mambobi.xlsx. Excel baya barin ka rubuta adireshin wani fayil a gurin kai tsaye, amma in ka kwafo gurbi daga can ka liƙa a nan sai ya shigo da shi ta bayan gida. Na jera sunayen ƙauyukan a gefen shafin Farashi na nuna masa can, kibiyar ta dawo aiki.

Na duba Conditional Formatting ma, Manage Rules, a sama ka canza zuwa This Worksheet in ba haka ba na gurbin da kake kai kaɗai zai nuna, kuma shafi-shafi ake bi babu mai nuna na fayil gaba ɗaya. Ƙa'ida ɗaya na samu mai jan launi ga wanda aka dakatar daga ƙungiya, ita ma can take kallo. Na goge ta, shugaba yace dama an daina wannan tsarin. Saura biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na daina lalube na fasa fayil ɗin na leƙa cikinsa. Tun Office 2007 duk fayil mai xlsx a ƙarshe zif ne, tarin ƙananan fayiloli aka ɗaure guri ɗaya. Kayi kwafi, ka canza ƙarshen sunan daga .xlsx zuwa .zip, in baka ganin ƙarshen sunan ka shiga View a folda ka kunna File name extensions. Mai 7-Zip ko canza sunan baya buƙata. A ciki akwai folda xl, cikinta akwai externalLinks, kowane fayil na waje yana da nasa: externalLink1.xml, externalLink2.xml haka. A ƙaramar folda _rels kuma an rubuta cikakken adireshin kowanne.

Na fara buɗe na asalin fayil ɗin, wanda muka aika ofis, dan na ga me ya fita daga hannunmu. A Notepad na buɗe na mambobi, gabana ya faɗi. Mu sunaye kawai muke gani a shafi, amma VLOOKUP ɗin faɗin teburin gaba ɗaya aka nuna mata, shi kuma Excel yana ajiye kwafin duk abin da ke cikin yankin da aka nuna dan ya samu abin nunawa in fayil ɗin baya nan. Lambobin wayar mutane, lambar asusun banki na masu shi, har layin da aka rubuta wa ya tsaya wa wa, duk suna kwance a ciki. Adireshin kuma ga sunan da Yaya ya sa wa kwamfutarsa ɓaro-ɓaro. Wannan fayil ɗin an sha tura shi a guruf ɗin WhatsApp na ƙungiya. Ba wanda zai gani sai wanda ya san ya fasa, amma dai yana ciki. Akwai inda ake kashe wannan ajiyar, File, Options, Advanced, Save external link values, sai dai in ka kashe kuma fayil ɗin waje baya nan to babu abin da fomular za ta nuna, dan haka cire linkin shine magani.

Na koma kan kwafin aikina. externalLinks saura biyu kamar yadda Edit Links ya faɗa. A cikin zif ba a rubuta sunan fayil na waje a fomula, lamba ake sawa, [1] ko [2], bisa jerin da ke workbook.xml. To sai kawai ka buɗe fayilolin ciki ɗaya-ɗaya ka nemi [1]. A workbook.xml na ga abu biyu da Excel bai taɓa nuna min ba. Na farko wasu sunaye da aka rubuta hidden="1" a jikinsu, Name Manager baya lissafa irinsu. Na biyu wani shafi mai suna Tsoho da aka rubuta state="veryHidden". Shafin da aka ɓoye ɓoyon yau da kullum in ka danna ta dama a kan sunayen shafuka ka zaɓi Unhide zaka gan shi, wannan kuwa ko a can baya fitowa. Abin ya tuna min da ƙuduji a gonar gero, kana cire furen da ya fito sama alhali ya riga ya kama saiwa a ƙasa yana tsotsa.

Wasu suna goge foldar externalLinks ɗin daga cikin zif su mayar da sunan. Ni ban yi ba. Akwai ambatonta a workbook.xml da workbook.xml.rels da fayil ɗin Content_Types, in ka bar su Excel zai ce fayil ya lalace bari ya gyara, kuma gyaran da zai yi ba kai zaka zaɓa ba. Zif ɗin na ɗauke shi gurin dubawa kawai, gyara a cikin Excel.

Alt+F11 ya buɗe gurin makiro, wato umarnin da ake rubuta wa Excel ya yi wani aiki da kansa, na danna shafin Tsoho a hagu, F4, a layin Visible na canza daga 2 zuwa -1, shafin ya bayyana. Lissafin alkamar rani ne na 2021 cike da fomuloli masu kallon rani_2021.xls, binciken Ctrl+F bai leƙa shi ba da yana ɓoye. Ba abin da ya dogara da shi, na fitar da shi zuwa fayil ɗinsa daban na ajiye wa tarihi, na goge shi daga nan. Sunayen ɓoye kuma Ctrl+G, a ɗan akwatin ƙasa na rubuta layi ɗaya na danna Enter:

For Each n In ActiveWorkbook.Names: n.Visible = True: Next

Na koma Name Manager ga su sun fito. Masu adireshin waje na goge, _FilterDatabase na ƙyale shi dan na Excel ne da kansa, na tace layuka. Ba sai ka ajiye fayil ɗin a xlsm, wato irin fayil mai makiro ba, layin ba ya zama a ciki.

Litinin, 18 ga Nuwamba

rani_2021 bai fita ba har yanzu, sai yau na gano shi a giraf ɗin shafin Taƙaitawa, wanda ake firintin ana liƙawa a bangon ofis. Sanduna kala biyu ne, kore na bana, ruwan toka na shekarar da ake kwatantawa. Ka danna sanda ka kalli layin fomula a sama zaka ga SERIES da adireshin inda take ɗauko lamba. Kore a gida take, ruwan tokar tana can. Na cire ta, ba wanda yake buƙatar kwatanta bana da 2021. Taken giraf ɗin ma na danna na duba tunda shi ma ana iya ɗaure shi da gurbi, lafiya lau.

Na ƙarshe rasit.xlsm. Alt+F10 yana jero duk wani zane da akwatin rubutu da maɓalli da ke shafi, har wanda aka ɓoye. A shafin Bashi akwai wani maɓalli da ya maƙale a layukan da aka matse, ya zama siriri ba a ganinsa, an rubuta Buga Rasit a kai. Na danna ta dama, Assign Macro, sunan makiron yana ɗauke da rasit.xlsm a gabansa. Na goge maɓallin gaba ɗaya, rasit da hannu Baba yake rubutawa.

Na ajiye, na rufe, na buɗe. Ba gargaɗi. Edit Links ya dushe baya dannuwa, wanda shine alamar babu sauran komai.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ban yarda da kwamfutata kaɗai ba. Na sake fasa kwafin zif, foldar externalLinks babu ita kwata-kwata. File, Info, Check for Issues, Inspect Document, shi yana gano linkin waje amma baya cirewa, yace babu. Na kai fayil ɗin kwamfutar hedimasta wadda bata taɓa ganin fayilolinmu ba, na buɗe na danna Ctrl+Alt+F9 dan ya sake lissafin komai dole, ba #VALUE! ba #REF! ba #NAME?. Na canza farashin yuriya da gangan na ga duk layuka sun motsa tare har jimillar Taƙaitawa, na mayar. Jimillar buhuna ta zo ɗaya da littafin Baba, jimillar kuɗi ma ta zo ɗaya, karon farko tun da na karɓi aikin.

A waya kam kar mutum ya ɓata lokacinsa, dubawa da ƙaramin gyara take yi, irin wannan tonon sai kwamfuta.

Na tura wa ofis da rana, na haɗa da roƙon su goge wancan na farkon daga gurinsu saboda bayanan mutane da ke ciki. Sun amsa sun karɓa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Taron kwamiti a gindin darbejiyar ƙofar shugaba. Maganar kwamfuta minti kaɗan ta ɗauka, maganar kuɗi ce ta kai mu azahar. Waɗanda aka yi wa lissafi da tsohon farashi wasunsu sun riga sun biya abin da aka ce musu, an ba su rasit, yanzu kuma a ce akwai ciko. Wani dattijo yace shi abin da aka karanta masa a taro ya biya, ba ruwansa da filas. Su kuma sababbin shiga sunce su me yasa za su biya cikakke. Kowa da gaskiyarsa. Shugaba ya yanke cewa cikon yana nan tunda kuɗin ƙungiya ne aka sayo takin da shi, amma ba za a matsa wa kowa yanzu ba, a raba shi biyu, rabi bayan an sayar da shinkafar nan rabi bayan girbin alkama. Na ƙara layi biyu a shafin Bashi saboda haka.

An kuma amince farashi a shafin Farashi kaɗai za a dinga rubuta shi, da ranar da aka saya da lambar rasit a gefe. In za a ɗauko wani abu daga wani fayil, Paste Special Values, ba Move or Copy ba. Abin da za a tura guruf kuma PDF ne, ba Excel ɗin kansa ba. Na nemi masu tsohon fayil ɗin a wayoyinsu su goge, wasu sun goge a gabana wasu sunce sai yaro ya dawo ya duba musu.

Fayil ɗin rabon ruwa da man injin ban-ruwa ma Yaya ne ya gina shi, na buɗe shi da daddare, Edit Links ya nuna guda biyu kuma ɗaya farashi_2022 ne. Baba Ma'aji yace na zo da laftof ranar Talata bayan la'asar, zai nemo littafin mai.